Minti Biyu

Ƙarfe biyar saura, Tawa na barci,
ban da ladan da masu gashin burodi.
Na ɗaure takalmi a zaune bakin gado.
Wata huɗu. Ba wanda ya sani
sai ni da ungozoma Tsahara,
sai riga mai lamba ɗari biyu da sha ɗaya
da ta fara ƙin sauka ƙugu.

Hanyar Tabalak ta san tafin ƙafata,
shekara tara ina dukanta, ba ta rama ba.
Abarshi na bina a babur, littafi a aljihu.
Ya danna agogo, ya duba, ya sake dubawa:
"Nahisa, minti biyun nan ina kika bar su?"
Na ce, "Ajiya na ba su."
Ya kashe babur.
Ya daɗe yana kallon jar ƙasa.
Takardar Yamai na hannunsa, sunana na biyu a jere.
Sai da ya kwana uku kafin ya ce barka.

Likita ta ce, "Yi gudu,
amma irin wanda za ki iya hira a cikinsa."
To, da ke na yi hirar.
Na ce ga gawo, ga dutsen kilomita bakwai da ya karye,
ga inda iska ke juyawa ta mari fuska.
Kika amsa da shuri ƙarƙashin haƙarƙari.
Matan bakin famfo suka ce a hanya zan zubar da ke.
Inna ba ta ce komai ba,
ta dai binne takalmana cikin buhun gero.

Daren naƙuda da agogon gudu na ƙirga.
Minti takwas. Shida. Huɗu.
Na san ciwo, na sha tsere da shi kafaɗa da kafaɗa,
amma wannan ba shi da alamar kilomita,
ba wadda zan bi, ba wadda zan wuce.
Awa goma sha ɗaya.
Da kika yi kuka na manta ban danna ba,
har safe agogon na ta gudu shi kaɗai.

Sai jego:
ruwan zafi da ganye, kunun kanwa,
kwana arba'in ba ƙofar gida.
A rediyo na ji tseren.
Wata yarinyar Dogondutsi ta ci,
da lokacin da nake yi ranar da ba ni da lafiya.
Ba zan yi miki ƙarya ba, Ubaida,
kina shan nono, ni ina haɗiyar kishi.
Kuɗin wata kuma an ce an dakatar,
"sai mun ga yadda za ki dawo."

Na dawo.
Takalmin ya matse, ashe ƙafa ma haihuwa take.
Kilomita uku, gwiwa na rawa,
fitsari ya kufce mini gaban masu amalanke,
nono ya jiƙa lambar riga.
Na zauna bisa dutsen da ya karye
na rasa wanda zan zaga.

Yau watanki tara.
Lambar zinariyata ta Maraɗi
ita kike sosa dasashi da ita.
Barcina guntu-guntu ne kamar canjin kasuwa,
duk da haka biyar saura ina bakin gado.
Wata safiyar kukanki ke kwance igiyar takalmin,
wata safiyar in fita in bar shi a bayana,
ya bi ni har gawo.

Minti biyun sun zama huɗu.
Sun zama uku da rabi.
Abarshi ya sayi sabon littafi.

Ɗazu da na karyo kwana
Inna na tsaye a ƙofa, kina goye,
tana riƙe da kwanon ruwa.
Ba ta dube ni ba, agogon ta duba.
Ta ce, "Nawa yau?"